ECOWAS da Mutanen Zongo: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Nima

Na daɗe ina zaune a ɗan shagona a unguwar Nima da ke Accra ina cike wa mutane takardu, na fasfo, na makaranta, na neman aiki. Wanda ya zo cike takarda kuwa ba ya tashi sai ya ajiye tambaya. Tun da Nijar da Mali da Burkina suka ce sun raba gari da ECOWAS, sai tambayoyin suka koma hanya ɗaya. Mai albasa ya tambaya, direban tirela ya tambaya, tsohuwar da 'yarta ke aure a Yamai ita ma ta tambaya. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su a nan, kusan yadda aka yi mini su.

Malam, wai mece ce ECOWAS ɗin nan, wa ya kafa ta?

Ƙungiyar gwamnatocin Afirka ta Yamma ce, wadda mutanen Faransanci ke kira CEDEAO. An sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. Mutum biyu ne suka fi cin wuyar aikin, Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Gnassingbé Eyadéma na Togo, ɗaya daga ɓangaren Ingilishi, ɗaya daga ɓangaren Faransanci. A lokacin Acheampong ke mulkin Ghana. Abin da aka sa gaba tun farko kasuwanci ne: a rage haraji, a bar mutane da kaya su wuce. Maganar tsaro da ta zaɓe daga baya suka shigo, musamman bayan an sake rubuta yarjejeniyar a Kwatano a 1993. Hedikwatarta tana Abuja. 'Yan Ghana biyu sun riƙe ragamar ofishin a jere, Mohamed Ibn Chambas da James Victor Gbeho.

Ƙasashe nawa ne a ciki yanzu?

12. Ghana, Togo, Binin, Najeriya, Kwaddibuwa, Laberiya, Saliyo, Gini, Gini Bisau, Gambiya, Senegal da tsibiran Kef Bad. An taɓa kai 16. Muritaniya ta fice a 2000, sai Mali da Burkina da Nijar a Janairun 2025.

Kakanninmu suna fatauci tun ba a shata iyaka ba. Me ƙungiyar ta ƙara mana da ba mu da shi?

Wani dattijo ne ya yi mini wannan tambaya, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Fatake sun yi ta kora jakuna daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga, su sauke kanwa da tufafi da fata, su ɗauki goron Asante su juya, tun ba a san wani abu wai shi fasfo ba. Kalmar zongo kanta daga nan ta samo asali, wurin da ayari ke ya da zango. Ba ECOWAS ce ta koya mana tafiya ba.

Sai dai akwai shekarar da duk wanda ya haura sittin a zongo ba ya son a tuna masa. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu, ko ya samo ta ko ya bar Ghana. Wa ke da takardar zama a zongo a lokacin? Mutumin da ya shigo da ƙafa tun zamanin Bature, ya yi aure, ya haifa, ya aurar, bai taɓa ganin ƙofar ofishin shige da fice ba. Yarbawa, waɗanda ake kira Alata a nan, su suka fi yawa a cikin waɗanda suka tafi, amma Hausawa da Zabarmawa da Mosawa ma guguwar ba ta bar su ba. Kakata ta sha ba mu labarin ƙanin mijinta, tela, wanda ya sayar da kekensa na ɗinki a kan kuɗin da bai wuce na mota ba. Ta ce ta raka su tasha, matarsa na zaune a bayan lori a kan ƙullin katifa, riƙe da turmi, don ta rantse ba za ta bar shi ba. Yaransu da aka haifa a nan suna kuka da yaren Ga. Ba a sake haɗuwa ba sai a wasiƙa.

Shekara goma bayan wannan, ranar 29 ga Mayun 1979, shugabannin yankin suka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar zirga-zirga: ɗan wata ƙasa a cikin ƙungiyar ya shiga kowace ƙasa ba tare da biza ba. To, Baba, abin da ta ƙara mana ke nan. Tafiyar da kakanninmu suka yi bisa al'ada, ta mayar da ita haƙƙi a rubuce. Takarda ce kawai, na sani. Amma ranar da aka zo da lori, wanda ke da takarda da wanda ba shi da ita ba ɗaya suke ba.

To ai a 1983 akwai ECOWAS, amma Najeriya ta kori 'yan Ghana.

Haka ne, kuma babu yadda za a wanke wannan. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida, a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Jakar nan mai zane-zane da ake kira Ghana Must Go tun lokacin sunan ya bi ta. Hujjar Najeriya ita ce yarjejeniyar ta ba da kwana 90 ne kawai, su kuwa sun zarce. Wasu sun ce ramuwar 1969 ce. Ko ma mene ne, abin ya nuna cewa idan tattalin arziki ya matse, baƙo ake fara dubawa. Abin da zan iya faɗi shi ne, a 1986 an ƙara matakin 'yancin zama, a 1990 an ƙara na kafa sana'a, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 ba a sake ganin kora mai wannan girma tsakanin Ghana da Najeriya ba.

Wace takarda zan riƙe idan zan tsallaka boda?

Abu biyu yarjejeniyar ta nema: takardar tafiya mai rai, da katin rigakafi, wato katin nan ruwan ɗorawa na shawara. Ghana Card tana ɗauke da sunan ECOWAS a fuskarta, kuma an yi ta ne a kan tsarin katin yankin. Duk da haka, idan kana da fasfo, tafi da shi. Jami'in da ke cikin daji tsakar dare ya fi sanin littafi a kan kati, kuma ba lokacin karanta masa doka ba ne.

Kwana 90 ake ba ka. Idan za ka wuce haka, sai ka nemi izinin zama kafin su cika. Baƙon da ke zaune a Ghana kuma akwai katin waɗanda ba 'yan ƙasa ba da ake so ya yanka. Mutane da yawa ba su san cewa yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar hana wanda dokarta ta haramta wa shiga ba, saboda haka ba a dole ba ne a buɗe wa kowa.

Mai mota yana da ƙarin kaya. Akwai inshorar yankin da ake kira Brown Card, wadda aka kafa a 1982, don idan ka buge wani a wata ƙasa a san wanda zai biya. Akwai kuma takardar shigar da mota na ɗan lokaci, wadda direbobi ke kira lesepase.

In dai babu biza, kuɗin me ake karɓa a hanya?

Kuɗin zalunci. Ba shi da wani suna a doka.

Wata shekara na bi motar haya zan je ta'aziyya, muka iso wata boda da ba zan ambata ba. Aka tattara fasfo, aka shigar da su wani ɗaki, aka ce kowa ya zo da na hatimi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yan takardun kuɗi da suka yi laushi don naɗi, ta ƙirga sau biyu ta miƙa. Ni kuma, mai cike wa mutane takardu, na ga ai yau ranar nuna ilimi ce. Na ce a ba ni rasit. Mutumin ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗauki fasfona ya sa shi a can ƙarƙashin tarin. Kowa ya karɓi nasa ya koma mota. Direba ya leƙo ya ce, "Haba Malam, don girman Allah ka ba shi mu tafi, rana tana yi." Dattijuwar ma ta ce, "Ɗana, ba a faɗa da mai hula a ƙofar gidansa." Na biya. Har muka isa ba wanda ya yi mini magana.

Abin da na koya shi ne, mutum ɗaya ba ya karya wannan al'ada, sai dai ya ɓata wa sauran fasinja rana. Inda ake ɗan samun sauƙi shi ne inda ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa ta kai kuka da murya ɗaya. An gina ofishin boda na haɗin gwiwa a Noepe da Akanu tsakanin Ghana da Togo, an gina wani a Seme tsakanin Binin da Najeriya, don a duba mutum sau ɗaya maimakon sau biyu. Gini ya tashi. Bariyar da ke tsakanin gari da gari kuwa tana nan, kowace da mai miƙo hannu. Kuma gaskiya mu ma muna da namu laifin. Wanda ya fito ba katin rigakafi, ko fasfonsa ya mutu tun bara, shi ya buɗe ƙofar ciniki, kuma farashin da aka yanka masa shi za a nema wurin na bayansa.

Albasa da tumatir da shanu, ana biyan musu harajin kwastan?

Bisa tsarin sassauta ciniki na ƙungiyar, wanda ya fara da kayan gona a 1979, amfanin gona da dabbobi da aikin hannu da aka samar a yankin ba su biyan harajin shigowa, ba a kuma neman musu takardar shaidar asali. Albasar Galmi ta Nijar da ake saukewa a kasuwar Adjen Kotoku, tumatirin Burkina, shanu da raguna da ke cika Tulaku a Ashaiman gab da Layya, duk a nan suka faɗo. Kayan masana'anta an shigar da su a 1990, amma su sai kamfani ya yi rajistar kayansa an ba shi shaida.

A lura, harajin kwastan kaɗai aka ɗauke. Takardar lafiyar dabba, takardar lafiyar tsiro, kuɗin kasuwa, waɗannan suna nan. Kuma shinkafar da aka sauke daga jirgi a Kwatano aka sake mata buhu ba ta zama 'yar yanki ba. Kayan waje suna da nasu harajin bai ɗaya, mataki biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin 100, wanda ya fara aiki a 2015. A kan irin wannan shinkafa ce Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, motocin 'yan kasuwar Ghana da ba su ci ba su sha ba suka yi ta kwana a Seme. Babbar yaya ce ta taka doka, ba wanda ya iya tsawata mata.

Me ya sa ake kulle shagunan 'yan Najeriya a Circle ta Accra da Suame ta Kumasi in har akwai 'yancin kafa sana'a?

Domin doka biyu ce ke karo. Yarjejeniyar yanki ta ce ɗan ƙungiya ya kafa sana'a a kowace ƙasa kamar ɗan gida. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 kuma ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa, irin na cikin kasuwa da talla da rumfa, ta ce baƙon da zai yi cinikin kaya sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya kuma ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Mai sayar da murfin waya a Tip Toe Lane ina zai ga dala miliyan? Ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA tana riƙe da dokar gida, 'yan Najeriya suna riƙe da ta yanki, kowa da ayarsa. Duk 'yan shekaru sai a sa kwaɗo, jakadu su zauna, a buɗe, a jira wani zagaye.

Mu mutanen zongo bai kamata mu tsaya kallo muna cewa faɗan Ibo da Asante ne ba. Dokar ba ta ambaci ƙabila ba. Bazabarmen da ke yawo da yadi a ka, da Buzun da ke sayar da shayi, su ma baƙi ne a idonta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

An haife ni a Sabon Zongo, kakana daga Katsina ya zo. ECOWAS ta sa na zama ɗan Ghana?

A'a. Zama ɗan ƙasa ba hurumin ƙungiyar ba ne. Tsarin mulkin Ghana na 1992 jini yake bi: idan ɗaya daga cikin iyayenka ko kakanninka ɗan Ghana ne, kai ma ɗan Ghana ne. Haihuwa a nan ita kaɗai ba ta isa ba. Yawancin gidajen zongo da suka daɗe sun cika wannan sharaɗi ta wajen uwa ko kaka, sai dai rashin ajiye takarda ya sa ana tsare su da tambaya idan an ji sunansu. Wanda bai cika ba yana iya neman zama ɗan ƙasa ta hanyar doka, kuma Ghana ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Fasfon ECOWAS ba ya ba ka ƙuri'a a ƙasar da ba taka ba. Ku nemi takardar haihuwar tsofaffinku tun suna raye.

Me ya kai Nijar da Mali da Burkina ga ficewa?

Ruwa ba ya tsami banza. Sojoji sun karɓi mulki a Mali a 2020, suka sake a 2021. A Burkina sau biyu aka yi a cikin 2022. A Nijar kuma ranar 26 ga Yulin 2023 masu gadin fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Tiani ya hau. Ƙungiyar tana da yarjejeniya tun 2001 da ta haramta karɓar mulki da bindiga, don haka ta ɗauki bulala. A nan Accra, ranar 9 ga Janairun 2022, aka yanke rufe wa Mali iyakoki da toshe mata kuɗi, aka ɗage a watan Yuli.

Na Nijar shi ne ya fasa ƙwai. Ranar 30 ga Yulin 2023 shugabannin suka taru a Abuja, Tinubu na jagoranta, suka rufe iyaka, suka ba sojojin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a shiga da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A tsakiyar Agusta manyan hafsoshin yankin suka zo barikin Burma Camp a nan Accra suna tsara yadda za a shiga. Ban taɓa ganin zongo ya haɗu a kan magana ɗaya kamar lokacin ba. A masallaci, a wurin mai shayi, a gidan suna, kowa cewa yake yi wa za a harba? Mutumin Maraɗi da na Katsina ai gida ɗaya ne. Sanatocin arewacin Najeriya suka ƙi, malamai suka tafi Yamai neman sulhu, yaƙin bai yiwu ba. Amma takunkumin ya ci talaka. Motocin albasa suka maƙale a gadar Gaya, kaya na ruɓewa, buhu ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Accra da Kumasi, magani ya yi wuya a Yamai. Janar bai rasa abincin dare ba ko sau ɗaya.

Ƙasashen uku suka ƙulla ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, ranar 16 ga Satumban 2023. Ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa, suna cewa ƙungiyar ta zama 'yar amshin shatar Turawa, ba ta taimake su yaƙi da 'yan bindiga ba, sai takunkumi ta iya. An ɗage wa Nijar takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Doka ta ce mai fita ya ba da sanarwar shekara ɗaya, saboda haka ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

A ganina, ƙungiyar ta ɗaga sandar da ba za ta iya bugawa ba, ta kuma bugi wanda bai yi laifi ba. Su ma sojojin ba don talaka kaɗai suka fita ba. Wanda ya fita daga gida ya huta da mai tambayarsa yaushe zaɓe.

To yanzu ɗan Nijar da ke Accra ya fara ɗaure kaya ke nan?

A'a, Alhaji, kwantar da hankalinka. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, su bar su shiga da zama ba biza, su kuma bar kayansu a kan tsohon tsari, har sai an sanar da wani abu. Su ma ƙasashen AES tun Disamban 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Sun fitar da nasu sabon fasfo.

Sai dai a riƙe kalmar nan, "har sai an sanar." Da haƙƙi ne, yanzu alfarma ce, kuma alfarma mai ita yana iya janyewa. Ghana dai ta zaɓi lallashi. Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina ya zo rantsar da shugaban Ghana John Mahama ranar 7 ga Janairun 2025, wanda ya ji irin tafin da aka yi masa a dandalin ya san inda zuciyar matasa take. Mahama ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman zuwa ƙasashen uku, shi kansa ya zaga Bamako da Yamai da Wagadugu a watan Maris. Ba soyayya ce kaɗai ba. Su ba su da teku, tashar Tema tana cin abinci da kayansu, mu kuma miyarmu da namanmu ta bodar Paga, tsakaninmu da Burkina, suke shigowa.

Ina labarin kuɗin bai ɗaya da ake ta faɗa?

An daɗe ana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Sunansa Eco. An sa masa rana a 2003, aka ɗaga, aka yi ta ɗagawa har 2020, sannan a taron Accra na Yunin 2021 aka ce 2027. Cibiyar da ke shirya wa ƙasashen da ba su amfani da sefa hanya, a nan Accra take tun 2001.

Abin da ya hana shi ne sharuɗɗa. Ana so hauhawar farashi ta sauko ƙasa sosai, giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3, a kuma ajiye kuɗin waje da zai isa sayen kaya na wata uku. Mu da hauhawarmu ta haura kashi 54 a Disamban 2022 ba mu da bakin zargin kowa. Ga kuma sefa, wadda ƙasashe takwas ke amfani da ita, har da ukun da suka fita, ɗaure da yuro a kan 655.957. Mai sefa yana tsoron haɗa tukunya da naira da sidi, mai naira kuma ba zai yarda da kuɗin da igiyarsa ke Turai ba. A Disamban 2019 shugaba Ouattara na Kwaddibuwa da Macron na Faransa suka tsaya a Abijan suka ce za a sauya wa sefa suna zuwa Eco, Najeriya da wasu suka ce ba haka aka yi da su ba. 'Yan canjin Tudu da Cowlane dai ba su fara neman wata sana'a ba.

Mutane na cewa ECOWAS kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. Ka yarda?

Rabi da rabi. Ta taɓa cizo. A Agustan 1990 dakarun ƙungiyar, wato ECOMOG, suka sauka Laberiya, kwamandansu na farko ɗan Ghana ne, Janar Arnold Quainoo. Aikin bai tafi sumul ba, don a hedikwatarsu mutanen madugun tawaye Prince Johnson suka kama shugaba Samuel Doe. Duk da haka su suka hana Monrovia faɗawa gaba ɗaya, kuma a Accra aka sa hannu a kan sulhun da ya kashe wutar a Agustan 2003. Wanda ya san Buduburam lokacin da ta cika da 'yan gudun hijira ya san me ake nufi da yaƙin maƙwabci. A Saliyo sun mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998. A Gambiya, Yahya Jammeh ya sha kaye a Disamban 2016 ya ce ba zai sauka ba, sai da ya ga sojoji sun tsallako a Janairun 2017 sannan ya hau jirgi.

Inda take zama kyanwar Lami shi ne idan mai laifin yana cikin ɗakin taro. A 2015, a nan Accra, aka kawo shawarar kada shugaba ya wuce wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, maganar ta mutu. A 2020 Alpha Condé a Gini da Ouattara a Kwaddibuwa suka nemi wa'adi na uku, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Yaron da ya ga an yi wa mai alƙalami shiru, an ɗaga wa mai bindiga sanda, ba za ka iya gamsar da shi cewa adalci ake yi ba.

Talaka zai iya kai ƙarar gwamnati kotun ECOWAS?

Zai iya. Kotun tana Abuja, kuma tun 2005 aka ba ta ikon sauraron ƙarar mutum ɗaya a kan take haƙƙinsa, ba sai ya gama zagaya kotunan ƙasarsa ba. Shari'ar da ta fi shahara ta wata 'yar Nijar ce, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. A 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarta a biya ta sefa miliyan 10. Alƙali Edward Amoako Asante na Ghana ya shugabanci kotun shekaru da dama. Gwamnati ake kaiwa, ba maƙwabcin da ya ci maka bashi ba. Matsalarta kuma ba ta da ɗan sanda, gwamnatoci da yawa sukan karɓi hukunci su sa a aljihun tebur.

Wa ke biyan kuɗin tafiyar da ECOWAS?

Kai. Duk kayan da aka shigo da su daga wajen yankin ana ɗora musu rabin kashi ɗaya cikin 100, a tura wa ƙungiyar. Yana cikin kuɗin wayar da ke hannunka.

Ban da tarurruka, akwai abin da za a nuna da yatsa?

Akwai bututun gas mai tsawon kilomita 678 daga Najeriya, ya bi ta Binin da Togo ya iso Tema da Takoradi, wanda injinan wutarmu ke sha. Akwai haɗakar wutar lantarki ta yankin, da layin da ke kai wuta daga Bolgatanga zuwa Wagadugu, wanda ficewar Burkina ba ta tsinke shi ba. Babbar hanyar Abijan zuwa Legas mai kilomita 1,028, wadda za ta ratsa ƙasashe biyar, ita har yanzu ta fi yawa a kan takarda.

ECOWAS ce ofishin cinikin Afirka da ke Ridge a nan Accra?

A'a, wancan na nahiyar ne gaba ɗaya, AfCFTA, ƙarƙashin Tarayyar Afirka, an buɗe ciniki a ƙarƙashinsa ranar 1 ga Janairun 2021. Kaya ya fi shafa. Shigarka Lome ba biza, ECOWAS ce.

Malam, jikata za ta yi aure a Yamai bayan Sallah. In tafi ko in aika?

Hajiya, zumunta a ƙafa take, kuma ba biza tsakaninki da Yamai. Abin dubawa hanya ce. Ta Paga zuwa Wagadugu, a bi gabashin Burkina ta Fada Ngurma, nan ne 'yan bindiga suka addaba, ba hanyar da za a sa tsohuwa ba ce. Ta Togo da Binin zuwa Malanbil ta fi kwanciyar hankali, sai dai bayan an ɗage takunkumi Nijar ba ta buɗe gadar Gaya ba, fasinja suka koma tsallaka kogi da kwalekwale su kama wata motar a can gefen. Kafin ki sayi tikiti, ki aika yaro tasha ya tambayi direban da ya dawo a makon nan, ba mai sayar da tikiti ba. Ki duba ranar mutuwar fasfonki, ki nemo katin rigakafi, ki canza sefa ƙanana tun daga nan, ki raba su gida biyu. In 'ya'yanki za su iya haɗa miki kuɗin jirgi, ki bar su su haɗa, turamen atamfar da kwanukan a ba direba ya kai.